Baƙin Zanin da Na Hana Ki

Zuwa ga ɗiyata, Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko a cikin kar, motar tafiyarki, kike karanta ta ko kin riga kin sauka Yamai. Allah Ya tsare hanya, Ya raba direba da gyangyaɗi, Ya sada ki da mutanen kirki.

Za ki yi mamaki, gida ɗaya muke kwana amma sai na rubuta miki takarda na ba innarki ta miƙa miki a tasha. Dalilin kin san shi, bakina ya fi hankalina sauri. Yau kwana huɗu ke nan da kika durƙusa a bakin shago kika ce, "Baba, ina so ka ba ni baƙin zanin Kaka da ke cikin adaka. An ce kowa ya zo da tsohuwar tufa daga gida, da ita zai yi aikinsa na farko." Na ce, "Ki yi me da shi?" Kika ce, "In farke shi in yi riga." Na daka miki tsawar da sai da mai shayin tsallaken titi ya waiwayo. Na ce almakashi ba zai taɓa zanin tsohuwata ba muddin ina numfashi. Tun ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ki ajiye mini tuwo kanki a ƙasa ki juya. Sunan Tsohuwa na sa miki, shi ya sa nake ce miki Uwata, ga shi kuma na yi wa uwata tsawa a gaban jama'a. Abin yana cina, kuma ba na so ki hau mota gobe da wannan a kunnenki.

Kin yi mini bayanin santir ɗin koyon ɗinki da ya ɗauke ki. Kin ce ba ɗinki kaɗai ake koyarwa ba, ana koya wa mutum ya tsara tufa tun daga yanka yana tunanin ranar da za ta tsufa, don a iya farke ta a mai da ita wani abin. Kin faɗi sunan abin da faransanci, ni da karatuna na lakwal ya tsaya a aji shida, ya shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan. Na yi miki dariya na ce yanzu har tsumma sai an je Yamai an karanto. Dariyar baki ce kawai. Shekara talatin da ɗoriya ina taka keken ɗinki a Magariya, kuma da na zauna na duba, manyan kurakuraina duk a wannan wurin suke. Bari in ba ki su, ki tafi da su, ba sai kin sake yin naki ba.

Lokacin ina sabon buɗe shago, kaina yana hayaƙi, wani dattijo mai sayar da goro daga Sassumbrum, Malam Habu, ya kawo mini farar shadda ta auduga zalla in yi masa babbar riga. A lokacin ne zaren nailan ya fara shigo mana daga Kano. Yana sheƙi, ba ya tsinkewa a keke, ga shi ya fi na auduga araha da ƴan daloli. Da shi na ɗinke rigar kaf, daga wuya har gindi. Ta yi kyau, wallahi ta yi kyau, ranar Sallah ina bayansa a sahu ina kallonta ina jin kaina wani abu.

Bayan shekara huɗu rigar ta dafe da gumi da jan goro. Malam Habu ya yi abin da kowane mai hankali ke yi, ya kai ta marina a rina masa ita da baba, a buge ta, ta dawo sabuwa. Shadda ta sha baba sarai. Zaren nailan kuwa ya ce bai san zancen ba. Ranar kasuwa sai ga dattijo ya sauko daga amalanke da ƙunshi a hamata. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na ji sauƙi. Ya warware rigar a kan teburina, baƙa wuluk, duk inda allurata ta bi kuwa fari fat, kamar yara sun bi ta da alli. Ya ce, "Isuhu, me na yi maka?" Ya ce, "Ni shekara goma na yi wa rigar nan lissafi, in sa fara, in sa baƙa, in rage wa ɗana. Kai huɗu ka yi mata."

Na ce ya bar ta zan gyara. Kwana uku ina bin ɗinkin da reza. Nailan ya fi shaddar ƙarfi, in na ja sai yadin ya yage zaren yana nan daram. Da na gama, abin da ya rage bai fi na taguwa ba. Ya karɓa ya yi godiya, bai sake kawo mini ɗinki ba har ya rasu.

To, Uwata, zare da yadi su zama dangi ɗaya. Auduga ki ɗinka ta da auduga. In ɗan kasuwa ya rantse miki cewa yadinsa auduga ne zalla, kada ki yi musu da shi, ki zari zare ɗaya daga baki ki ƙyasta masa ashana. Auduga za ta ci ta zama toka, ki murje ta da yatsa. In da targal, zaren roba, a ciki zai naɗe ya dunƙule ya yi warin leda. Ban ce kada ki taɓa targal ba, talaka na son sa don ba ya neman guga. Amma ki san me kike riƙe da shi, kuma ki gaya wa mai kaya tun kafin ki yanka.

Na biyu kuwa a gida na yi shi, wa ƙanwata, gwaggonki Saratu. Ta sayar da gyaɗarta ta kaka ta sayi turmin atamfa, shi ne na farko da ta taɓa saya da guminta. Ta ce in fitar mata da zani da riga da ɗankwali. Zanin na kalmashe bakinsa kawai na ajiye, don a ganina ba a nan gwaninta take ba. A rigar na zuba fasaha. Na ɗauko wani model da na gani a hoto, na yanka ta daidai jikinta cif, na lanƙwasa nan na lanƙwasa can, na manna gam a wuya da ƙirji don ta tsaya ƙyam, na liƙa duwatsu masu walƙiya. Rarar da ake bari a cikin ɗinki kuma na aske ta tas, wai don ciki ya yi tsabta. Ƙyallayen da suka rage na tura ƙarƙashin tebur, kamar yadda na ga kowane tela yana yi.

Ta sa ta a biki biyu. Sai ta haihu, jiki ya buɗe, ta dawo ta ce, "Yaya, ka ɗan sassauta mini." Na juya rigar na duba, babu ko faɗin farce da zan saki. Ta ce, "To ka sa ƙyalle a gefe." Ƙyallen kuwa tuni an share an zubar. Ta ce, "To ka fitar wa jaririyar ƴar riga." Na sa hannu in ɓamɓare gam, ya taso da fuskar atamfar gaba ɗaya. Saratu ta ɗauki rigar ta murɗa ta, ta ɗora a ka, ta sauke. Ta ce, "Yaya, ai ko gammo ba ta yi. Tana sukar kai." Ta yi dariya, amma idonta ya kawo ruwa, kuma ni na san buhu nawa ta sheƙe kafin ta sayi turmin nan.

Zanin da na raina kuwa, ta ɗaura shi shekara da shekaru. Da ya kwanta ta raba shi biyu ta yi majanyi, ƴaƴanta uku suka yi barci a cikinsa, ke ma an goya ki da shi ranar da innarki ta kwanta jinya a likita. Daga nan ya koma matatar koko. Ban san ƙarshensa ba, amma na tabbata bai mutu da sauran amfani a jikinsa ba.

Saboda haka ki bar rara a cikin ɗinki, yatsa biyu a kowane gefe. Jikin mace ba ya tsayawa wuri ɗaya, yaro kuma kullum tsawo yake. Abin da allura za ta iya riƙewa kada ki sa masa gam. In za ki lanƙwasa yanka, ki tambayi kanki ko tattara za ta yi aikin, don tattara ana sakinta yadi ya dawo da faɗinsa. Ƙyallen mutum kuma nasa ne. Ki naɗe ki sa masa a cikin kayansa, ko da zai yi miki dariya.

Kin ga inda tsawar nan ta fito ko? Da kika ce za ki farke zanin Tsohuwa ki yi riga, ba hannunki na gani ba, nawa na gani. Na ga rigar Malam Habu, na ga ta Saratu, na ce haka za a yi wa abu ɗaya da uwata ta bar mini. Alhali na sha tsayawa a bayanki kina haɗa ƴan ƙyallaye kina yin jakar lakwal, kina jujjuya kowane ɗaya sau biyar kafin ki sa almakashi. Kin fi ni haƙuri, kin fi ni ido. Allura ce dai har yanzu kike mantawa a kan tabarma, ƙafata shaida ce. Can ba gidan ubanku ba ne, in madam mai koya muku ta taka ba za ta yi shiru ba.

Akwai wani kuskuren da kike da wayo aka yi shi, amma ba ki san tushensa ba. Shekaru ina share ƙyallayen shago ina zubawa a jujin bayan gida. In rani ya yi a kwashe da taki, a ɗora a amalanke a kai gonarmu ta hanyar Kwaya. Na ɗauka duk ƙasa za ta cinye. Na auduga ta cinye. Na targal kuwa har yau in ana huɗa sai garma ta tono su, launinsu rangaɗau kamar jiya na yanka, suna naɗe wa gero saiwa. Sannan jar akuyar innarki, wadda ke haifar tagwaye, ta fara ramewa cikinta yana kumbura. An ba ta kanwa, an ba ta sassaƙe, a banza, sai da aka sa mata wuƙa. Mahauci ya buɗe tumbi ya ciro wani dunƙule ya kai kan jariri, leda da ƙyallaye cure wuri ɗaya. Innarki ta sa tsinke ta tona, ta ɗago wani kore mai zanen fure. Ta ce, "Malam, wannan ba yadin matar mushe, malamin lakwal, ba ne? Har akuyata ka yi wa anko?" Mahauci ya yi dariya har ya zauna. Ni ma na yi, ita ba ta yi ba, sati guda tuwona yana zuwa ba man shanu.

Tun daga nan na rataye buhu biyu a shago, waɗanda kika taso kika gani. Na auduga daban, mata su zo su ɗiba su yi faci. Na targal daban, masu jakuna su kwashe su cusa akumari. Duk inda kika kafa kekenki, kafin ki rataye madubi ki rataye buhun nan biyu.

Yanzu saura na ƙarshe, kuma shi bai tsufa ba, jiya na gano shi.

Da hantsi, kin tafi sallama gidan ƙawayenki, na rufe shago na dawo gida. Na ce bari in buɗe adakar nan in ga zanin, ko zuciyata ta ƙara ƙarfi a kan hanin da na yi. Ke ba ki taɓa ganinsa a buɗe ba sai daga nesa. Tsohuwa da hannunta ta kaɗa audugarsa a ƙauyen Guci, masaƙi ya saƙa shi layi-layi, kowane layi faɗin tafin hannu, ta haɗa goma sha huɗu, aka rina har ya yi baƙi yana ɗaukar ido. Ta rasu kina ciki. Na ninke shi na sa a ƙasan adaka na datse da kwaɗo, rabona da ɗaga shi ya fi shekara bakwai.

Na ɗago shi, sai gari ya zubo mini a cinya. Asu, Uwata. Ya bi duk inda ninki yake ya cinye, na ɗaga zanin sama ina hango bishiyar darbejiya ta cikinsa. Ni da na ce almakashi ba zai taɓa shi ba, ashe shekara bakwai ina kiwon asu da shi. Innarki ta leƙo ta gani, ta yi salati, ta zauna a bakin ƙofa.

Tela dai tela ne. Na ɗauko reza in raba mai rai da matacce. Ashe ban ma buƙaci rezar ba. Tsohuwa da hannu ta haɗa layukan, ta bar ƙulli a bakin kowane ɗinki inda ido zai gani. Ka tsinke ƙullin ka ja, zare ya biyo ka sumul daga wannan baki zuwa wancan, ba tare da ya ci yadi ba. Ina cikin ja sai yatsana ya ji bambanci. Layi huɗu na tsakiya ba irin sauran ba ne. Zarensu ya fi siriri, saƙarsu ta fi matsi, in ka karkata su a rana kana ganin ƴan gidajen saƙi a ƙarƙashin rinin. Na ce, "Ikon Allah, wannan ba hannun masaƙi ɗaya ba ne."

Innarki ta ce, "Ai na rigar babanka ne."

Na ce, "Wane baban?"

Ta ce, "Kana da biyu ne? Da Tsohuwa ta fita takaba ta farke rigarsa ta saƙi. Ta yi maka taguwa da rabi, ta zaɓi huɗu masu kyau ta sa a tsakiyar zaninta, ta kai aka rina su tare. Ita ta gaya mini, muna ɓarar gyaɗa, shekarar da aka kawo ni."

Na ce, "Shi ne ba ki taɓa faɗa mini ba?"

Ta ce, "Ka taɓa tambaya, Malam? Kai da ko ƙura aka share a kan adakar nan sai ka hau faɗa."

Ban kai shekara biyar ba ubana ya rasu. Fuskarsa ban riƙe ba, kuma duk rayuwata ina gaya wa mutane ban gaji ko zare daga gare shi ba. Ga shi shekara ashirin yana ɗakina a kulle. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba, da gemuna da furfurata, innarki ta tashi ta ja labule don kada maƙwabta su gani.

Kada ki ɗauka nan take na zama mutumin kirki. Abin da zuciyata ta fara ce mini shi ne, to yanzu ma ne ba za a ba ta ba, da uwa kaɗai ce, yanzu uwa da uba. Har na fara ninkewa. Na zauna da su a cinya har aka kira azahar. Na duba, cikin goma sha huɗu tara suka tsira, cikin na babana huɗu ɗaya ya tafi. In na mayar na kulle, wata rana ƙannenki su buɗe su zubar da gari. Tsohuwa kuwa, hawayenta bai bushe ba ta sa hannu ta farke rigar mijinta, ta tufatar da marayanta, ta ɗaura sauran a jikinta tana zuwa rijiya da shi. Ita ta san abin da ake yi da tufar wanda ake so. Ni da nake kiran kaina tela ban sani ba, ke da ba ki taɓa ganinta ba kika sani.

Matashin kai da innarki za ta cusa miki a cikin buhun kayanki, kada ki ce ya yi nauyi ki bari a tasha. Ba rimi ne kaɗai a ciki ba. Ki duba bakinsa na dama, akwai ƙulli a waje inda ido zai gani. Ki tsinke ki ja. Duka taran suna ciki, na wanke na shanya na goge, ban rage ko ɗaya ba. Uku na tsakiya su ne na kakanki. Ki yanka, Uwata. Ba sai kin aiko kin tambaye ni fasali ba, kuma in kin gama kada ki ninke ki ajiye, ki sa a jikinki ki shiga kasuwa.

Gobe a tasha in kin ga na tsaya ina faɗa da ɗan kamasho a kan ɗaurin kaya, ki ƙyale ni, in ban yi faɗan ba wani abin zan yi a gaban mutane. Na ba ki zanin da zuciya ɗaya. Tsawar da na yi miki kuma ki yafe mini, ni ne ban kyauta ba.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a gari da hanya, Ya tsare miki sallarki da mutuncinki. Ya sa albarka a hannunki da idonki, Ya jiƙan Tsohuwa da mijinta, Ya dawo mana da ke muna raye. Amin.

Ni ne babanki,
Isuhu tela, Magariya